Shekara tara ban taɓa ƙwallon kwando ba, in koma ko in haƙura?

Saƙon da wani ɗan'uwa ya turo ke nan, na taƙaita shi: shekararsa 36, ya buga ƙwallon kwando tun yana sakandare har ya gama jami'a, yana 27 aiki da aure suka ɗauke shi daga fili, yau shekara tara ke nan, ya ƙara kilo 14 a jiki. Sati biyu da suka wuce ya ɗauko tsohon takalminsa ya je fili, ko minti shida bai yi ba numfashi ya ƙare, in ya jefa ƙwallo ko bakin kwando bata kaiwa, yara suna wuce shi kamar a tsaye yake suna ce masa Baba, washegari da ƙyar ya sauko daga gado, gwiwar dama tana ciwo in zai hau bene. Mai ɗakinsa tace ya rufa wa kansa asiri ya bar abin nan kafin ya karye. Yace shi kuma tun ranar nan ba abin da yake tunani sai filin, amma kunya ta hana shi komawa. Tambayarsa: in koma ko lokacina ya wuce?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka koma. Wannan shi ne amsar kuma ban yi wani dogon tunani kafin in bada ita ba, mutumin da ya sha wahala irin wadda ka faɗa sannan ya kwana yana tunanin filin to ƙwallon bata bar shi ba, kuma 36 ba shekarun ajiye wasa bane ga wanda ba kuɗi ake biyansa ba. Amma ba irin komawar da kayi sati biyu da suka wuce ba, wannan kam Allah ne ya tsare ka, kuma mai ɗakinka tana da gaskiya fiye da yadda kake zato, zan zo kan maganarta.

Abin da ya faru dakai a filin nan bari in warware maka shi, dan inaga kai duk ka haɗa shi waje ɗaya ka kira shi tsufa, alhali abubuwa ne daban daban kuma kowanne da saurin dawowarsa. Hannunka bai manta ba. Yadda ake riƙe ƙwallo, yadda ake sakinta daga yatsu, inda zaka tsaya, lokacin da zaka bada fasin, duk wannan yana zaune a ƙwaƙwalwa kuma irin wannan koyon baya gogewa da wuri, sati biyu uku kana taɓa ƙwallo zaka ji yana dawowa. Numfashi shi ne mai saurin tafiya, ko ɗan wasan da yake kan ganiyarsa in ya zauna sati uku huɗu bai yi komai ba zai ji bambanci, balle shekara tara, amma shi ma yana da saurin dawowa, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu in ka dage zaka ga canji sosai. Tsoka ma haka, wadda ta taɓa yin ƙarfi tana saurin maida ƙarfinta fiye da wadda bata taɓa yi ba. Wanda yake jan ƙafa shi ne jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi, agara da take bayan diddige da jijiyar da take ƙasan ƙoƙon gwiwa, waɗannan jini baya zaga su sosai kamar tsoka, dan haka ƙarfinsu a hankali yake ginuwa, watanni ake magana ba satittika ba.

To kaga inda matsalar take. Ba ranar farko bace mai haɗari sosai, ranar farko haki ne yake tsare ka, baka da numfashin da zaka ji wa kanka babban ciwo. Lokacin da nake jin tsoro shi ne sati na huɗu na biyar na shida, lokacin da numfashi ya fara dawowa, ƙwallo ta fara shiga, ka fara jin ai na dawo, sai kan ka ya tuno maka wani yanka da kake yi kana ɗan 24, ka danna ƙafa baya ka zabura, tsoka ta amsa da ƙarfinta, agara kuma bata shirya ba. Ba a banza bane likitocin ƙashi suke cewa mafi yawan masu tsinkewar agara maza ne 'yan shekara 30 zuwa 50 masu buga wasa jefi jefi, kuma ƙwallon kwando tana sahun gaba cikin wasannin da suke jawo ta saboda tsayawa da zabura da tsalle da dira ne kawai daga farko har ƙarshe. Kuma duk dira ɗaya nauyin da yake sauka a ƙafa ya ninka nauyin jikinka sau da yawa, yanzu ka ɗora kilo 14 ɗin nan a kai ka lissafa.

Ba tsoratar dakai nake ba wallahi, so nake ka san da wa kake kokawa. Ba da yaran filin bane, da wancan saurayin ne da yake cikin kanka wanda bai san an yi shekara tara ba.

Ka duba manyan ma yadda komawa tayi musu. Michael Jordan, tauraron ƙungiyar Chicago a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya ajiye wasa a Oktoban 1993 ya dawo a Maris ɗin 1995, wata 17 ke nan kawai, yana ɗan 32, kuma ba zaman gida yayi ba wani wasan ya tafi bugawa. Wasansa na farko da Indiana ya jefa ƙwallo 28 bakwai ne suka shiga. Eh bayan 'yan kwanaki ya ci maki 55 a kan New York, hannu ai bai manta ba, amma da aka zo wasannin fidda gwani Orlando ta cire su, kowa ya ga ƙafafunsa ba irin na da bane. Sai da ya kwashe hutun shekarar nan gaba ɗaya yana gina jiki daga tushe sannan Chicago ta ci wasa 72 cikin 82 a kakar da ta biyo baya. Jordan ke nan fa, da masu horarwa da likitoci a kansa, wata 17. Kai shekara tara kayi kana zaune a kujera, sannan kana jin haushin kanka dan baka yi abin kirki ba a minti shida na farko, haba malam.

Labarin Klay Thompson, ɗan wasan ƙungiyar Golden State a lokacin, ma ya fi kama da gargaɗin da nake maka. Jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke a Yunin 2019, ya yi jinya sama da shekara, yana dab da dawowa a Nuwamban 2020 agararsa ta dama ta tsinke, kuma ba a wasan gasa ba, a wasan atisaye. Kwana 941 yayi kafin ya sake taka filin NBA a Janairun 2022, kuma da ya dawo minti 20 kawai aka bar shi ya buga a wasan farko, a hankali aka riƙa ƙara masa, a shekarar suka ɗauki kofi. Abin lura a nan ƙungiyar da take biyansa miliyoyi ita ce take ƙirga masa minti, kai kuwa ba mai ƙirga maka, dole kai zaka zama kocin kanka mai hana ka.

Kafin komai dai dan Allah ka ga likita, ba wai dan al'ada ba. Mutum ya haura 35, ya ƙara nauyi, ya daɗe baya motsa jiki, zai shiga wasan da yake kai bugun zuciya ƙololuwa, ya kamata a auna hawan jini da suga, a tambaye shi tarihin gidansu. In kana shan taba, ko a danginku akwai wanda ciwon zuciya ya kama da ƙuruciya ko ya faɗi ya rasu ba zato, ka faɗa masa. In kuma a ranar nan da ka buga ka ji ƙirji ya matse, ko jiri, ko zuciya tana tsalle tsalle ba bisa ƙa'ida ba, to wannan ba haki bane na rashin tirenin, kar ka sake gudu sai an duba ka. Ka nuna masa gwiwar nan ma. Ciwo a gaban gwiwa lokacin hawa bene bayan an yi tsalle tsalle sau da yawa nauyi ne aka ɗora wa jijiya da ƙoƙon gwiwa fiye da abin da suka saba, yana lafawa in an rage nauyin an ƙarfafa cinya, amma in ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko kana ji kamar zata zame ta kada kai, wannan wata magana ce daban sai an gani da ido. Wani abu kuma da mutane da yawa basu sani ba, akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin da danginsa da suke raunana jijiya har su jawo tsinkewar agara, an rubuta gargaɗin a jikin takardarsu, in an rubuta maka irinsu ka faɗa wa likita kana wasa, kuma kar ka yi tsalle a lokacin.

Ciwon jikin da ya hana ka sauka daga gado kuma wannan ba komai bane, tsamin jiki ne, yana tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan wasa sannan ya wuce, kuma karo na biyu baya kai na farko zafi.

Yanzu ga yadda nake so ka yi. Wata na farko ka manta da gem, wato karawa da mutane, kwata kwata, ko an kira ka ana neman cikon mutum ɗaya kace a'a. Na san da wuya, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Sau uku a sati ka yi tafiya mai sauri kana haɗawa da sassarfa, minti 20 zuwa 30, misali sassarfa minti ɗaya tafiya minti biyu, kana ƙara sassarfar kaɗan kaɗan, in gwiwa tana ƙorafi ka hau keke maimakon gudu. Sau biyu ko uku a sati kuma ka yi aikin ƙarfi, baka buƙatar wani jim, ka tsaya a bakin matakala ka ɗaga diddige sama ka sauke shi a hankali, a hankali fa, kana ƙirga uku wajen saukowa, da ƙafa biyu tukuna daga baya ka koma ƙafa ɗaya, wannan shi ne abin da yake gina sharaɓa da agara kuma in da abu ɗaya zan tilasta maka a duk wannan rubutun to shi ne. Sai tsugunno da miƙewa, sai jingina da bango kamar kana zaune a kujerar da babu ita har cinya ta fara rawa, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya minti ɗaya, in ta yi sauƙi ka rufe ido. Wannan na ƙarshen kamar wasan yara ne amma shi yake koya wa idon sawu ya gyara kansa da sauri in ka taka ba daidai ba, kuma targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi kowanne yawa a ƙwallon kwando, yawanci ka diro kan ƙafar wani ne.

Kuma a cikin wannan watan ba na ce ka nisanci ƙwallo ba, a'a, ka je fili lokacin da ba kowa, kai da ƙwallo da kwando. Nan ne zaka gyara maganar jifan da baya kaiwa. Dalilin da ya sa ƙwallonka take faɗuwa gaban kwando ba hannu bane, ƙarfin jifa daga ƙafa yake tasowa, ƙafa ta gaji sai jifa ya gajarta, sai mutum ya fara turawa da kafaɗa dan ya cike, daga nan ya lalata salon da ya kwashe shekaru yana ginawa. Dan haka kar ka je layin maki uku kana gwada kanka. Ka tsaya taku ɗaya biyu daga kwando, hannu ɗaya, ka jefa har sai ta riƙa shiga ba tare da taɓa ƙarfe ba, sannan ka ja baya taku ɗaya, haka haka har layin jifan fawul. Kwandon yana nan a mita 3.05 inda ka bar shi, bai ƙara tsawo ba. Ka yi diribulin da hannun da baka saba dashi ba, kana tafiya kan ka a ɗage. Minti 30 zuwa 40 ya isa. Kuma zaka ga wani abu, wannan zaman kai kaɗai da ƙwallo shi ne zai fara biya maka ƙishirwar da take damunka, dan rabin abin da kake kewa ƙarar ƙwallo ne a ƙasa da ƙarar raga in ta shiga.

Wata na biyu sai ka fara shigo da abubuwan da wasan yake nema da gaske, tsallen igiya na ɗan lokaci kaɗan, minti ɗaya ka huta, zamiya gefe da gefe irin ta tsaron gida, gudu gajere da tsayawa amma ba da dukkan ƙarfi ba, kamar kashi bakwai cikin goma, da koyon dira, ka yi ɗan tsalle ka sauka da ƙafa biyu gwiwa a lanƙwashe ba ƙara, kar gwiwoyi su faɗa ciki su haɗu. In sati biyu sun wuce a haka jiki bai yi ƙara ba, sai ka shiga uku da uku a rabin fili, gem ɗaya ko biyu gajeru ka fita kana jin kana da saura. Ka fita kana da saura, wannan ka riƙe shi. Raunuka da yawa a gem ɗin ƙarshe suke zuwa, wanda ake cewa a ƙara ɗaya mu tashi, lokacin ƙafa ta gaji hankali ya rabu. Cikakken fili biyar da biyar mai mita 28 ana kai da kawowa, ka bar shi sai wata na uku, kuma ko a lokacin sau biyu a sati da kwana biyu a tsakani, ba Asabar da Lahadi a jere ba. Kuma uku da uku ba ƙaramin wasa bane da zaka ji an rage maka daraja, tun gasar Olamfik ta Tokyo ake bada lambar zinare a kansa.

Yadda zaka gane ko ka wuce gona da iri mai sauƙi ne, ka duba washegari da safe. In ka taka ƙasa ka ji agara ta sandare tana ciwo a takun farko, ko gwiwa ta fi jiya ciwo kuma bata lafa ba cikin awa 24, to abin da kayi jiya ya yi yawa, ka koma baya mataki ɗaya, ba ka daina gaba ɗaya ba, ka rage. Ɗan ciwo kaɗan da yake wucewa kafin gobe ba matsala. Abin da bana so shi ne ka haɗiyi maganin ciwo kafin ka shiga fili dan kar ka ji komai, ka kashe ƙararrawar da take gaya maka gaskiya ke nan, ga shi irin su ibuprofen da diclofenac in aka sha su ana zufa ba ruwa a jiki suna wahalar da ƙoda da ciki.

Kuma ka san alamomin da ba a jira dasu. In kana wasa ka ji kamar wani ya harbe ka a bayan ƙafa ka juya ba kowa, wataƙila har da ƙara, sannan ka kasa tsayawa kan yatsun wannan ƙafar, agara ce, ko da kana iya ɗingisawa, mutane da yawa suna ruɗuwa saboda suna iya takawa sai su zauna a gida ana shafa mai har sati biyu uku, alhali a kwanakin farko gyaranta ya fi sauƙi. Asibiti kai tsaye. Haka in gwiwa ta yi ƙara ta kumbura cikin 'yan awanni, ko ka yi targaɗe ka kasa taka taku huɗu, a ɗauki hoto.

Takalmin nan na shekara tara ka yi ritayarsa. Ko da ido ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, soson cikinsa da gam ɗin suna lalacewa da zama ko ba a sa shi, ƙasansa kuma ya bushe baya kama fili. Ba sai mai tsada ba, wanda ya zauna maka daidai ya riƙe diddige kuma ƙasansa yana kamawa. In ka taɓa yin targaɗe a da, ka sa abin ɗaure idon sawu, yana rage yiwuwar maimaitawa. Sai ɗumama jiki, da kana 22 kana sauka daga mota ka shiga gem, yanzu minti 10 zuwa 15 ne dole, sassarfa, zamiya, ɗaga gwiwa, ɗan tsalle, har sai zufa ta fara fitowa. In an zaɓe ka baka gama ba kace su fara zaka shiga na gaba.

To mu zo kan abin da inaga shi ya fi cin ka, dan ka ambace shi sau biyu a saƙonka, kunya. Yara sun ce maka Baba sun wuce ka. Ɗan'uwa ba zan ce maka ba zafi ba, mutumin da a da in ya shigo fili ake rige rigen ɗaukarsa yau shi ne na ƙarshe da ake zaɓa, akwai ciwo. Amma ka duba da kyau, yaran nan basu san wanda kake a da ba kuma basu zo auna ka dashi ba, kai kaɗai ne kake wannan awon. Su abin da suke so abokin wasa da zai basu ƙwallo a kan lokaci, ya tsare mutuminsa, baya riƙe ƙwallo, baya gardama a kan kowane fawul. Kuma duk filin da ka sani akwai dattijo ɗaya da baya tsalle baya gudu amma kowa yana so su zama tim ɗaya, saboda in kana tare dashi ƙwallo tana zuwa maka a inda kake so. Wannan kujerar a buɗe take kuma kai ka fi su cancantarta dan ka buga wasan tsari shekaru, ka san abin da su basu sani ba tukuna, yadda ake tare wa abokin wasa hanya ya kuɓuce, yadda ake sa jiki a toshe mutum kafin ƙwallo ta dawo daga kwando, yadda ake yaudara da kafaɗa yaro ya tashi sama ka jira shi ya sauko, yadda ake magana a tsaron gida. Duk waɗannan basa buƙatar ƙafar ɗan 20.

Magic Johnson, shima tauraron NBA, da ya dawo a farkon 1996 bayan ya bar wasa tun 1991, yana 36 kamar kai, ya ƙara jiki, bai ce dole sai ya koma matsayinsa na mai rarraba ƙwallo yana tsere da yara ba, ya koma kusa da kwando yana amfani da jiki da ido, wasa 32 ya buga kuma yana cin sama da maki 14 a kowane wasa. Jordan kansa a shekarunsa na baya ai juya wa mutum baya yake ya jefa yana ja da baya, ya rage tashi sama. Kilo 14 ɗin nan da kake jin haushinsu, kafin su ragu, a ƙarƙashin kwando makami ne, yaro mai kilo 65 ba zai iya ture ka ba.

Wasan ma ya ɗan canza tun da ka tafi, kar abin ya baka mamaki. Yanzu kowa daga nesa yake jefawa har dogaye, dan haka zaka riƙa fita tsaro nesa da kwando fiye da da. Kuma in ka ga yaro ya yi kamar taku uku kafin ya jefa kar ka yi saurin kiran tafiya da ƙwallo, tun 2017 dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta daina ƙirga takun da mutum yake yi a daidai lokacin da yake kama ƙwallo, daga bayansa ake ƙirga biyu. Ka tambayi yadda suke bugawa a filin kafin ka fara gardama, yana ɗaya daga cikin abubuwan da suke sa a karɓi mutum da wuri.

In da hali kuma ka nemi sa'anninka. Ka kira tsofaffin abokan wasanka, na tabbata akwai biyu uku da suke zaune da irin wannan kewar suna jiran wani ya fara magana, ku sa rana ɗaya a sati. Wasa da wanda shima yana da aiki gobe da safe daban yake, ba mai shiga ƙarƙashinka in kana sama, ba mai neman ya kunyata ka dan a yi ihu. Ba na ce ka guji yara ba, ka gauraya, amma a watannin farko ka zaɓi gem ɗin da zaka shiga, in ka ga ana buga na zafi ana ture ture ka zauna ka jira na gaba, ba wanda zai rage ka da komai.

Maganar mai ɗakinka. Kar ka ɗauke ta a matsayin mai hana ruwa gudu, ita ce ta ga yadda ka dawo ranar nan, kuma ita ta san in ka kwanta wata shida da ƙafa a ɗaure wa zai ɗauki nauyin gidan da kai kanka. Tsoronta na gaskiya ne, dan haka kar ka amsa mata da cika baki, ka amsa mata da tsari. Ka ce mata zan ga likita, wata ɗaya ba zan buga gem ba, ga ranakun da zan fita ga lokacin da zan dawo, kuma ka cika. Ka gaya mata ɗaya gefen ma, zaman da kake yi ba motsi da nauyin da yake ƙaruwa shima haɗari ne, nasa a ɓoye yake zuwa ta hawan jini da suga, Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, kuma mutum yafi ɗorewa a kan abin da yake so fiye da abin da aka tilasta masa. Kai kayi sa'a kana da abin da kake so. In yaranku sun isa ka riƙa tafiya dasu ranar da zaka yi jifa kai kaɗai, su riƙa miƙo maka ƙwallo, ita ma ta samu ta huta awa ɗaya, zaka ga maganar ta canza salo.

Abu ɗaya da bazan yi maka alƙawarinsa ba shi ne tsallen da. Wataƙila wani ɓangare ya dawo, wataƙila ba duka ba, saurin zabura na farko shi ne yake fara tafiya da shekaru kuma ba kowa yake maido shi ba. Amma jifa yana iya fin na da ma, dan yanzu kana da haƙurin tsayawa ka maimaita abu ɗari wanda da baka dashi. Ka bawa kanka wata uku kafin ka yanke wa kanka hukunci, ba gem ɗaya ba, kuma ka riƙa rubuta abin da kayi a waya, minti nawa, jifa nawa suka shiga cikin 50 daga layin fawul, yaya ƙafa ta kwana, dan ranar da ka ji kamar baka ci gaba zaka duba ka ga inda ka faro.

Wannan satin dai abu uku ne a gabanka, ka je a auna ka a duba gwiwar, ka nemo takalmi, ka fara ɗaga diddigen nan a bakin matakala yau da daddare. In ka kai sati na shida ka sake rubuto min yadda gwiwar take da yadda agara take yi da safe, daga nan sai mu ga ko lokacin uku da uku ya yi ko a ƙara sati biyu. Allah ya ƙara lafiya, a gaida iyali.